TAFKIN TIGA DA ƘASAR DA TA KE BA SHI RUWA

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano cikin watan Fabrairu, da ya ƙetare Tamburawa ya doshi Kura, zai ga abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba. Ga hunturu, ga ƙura, ciyawar daji ta bushe ƙayau, amma dama da hagu gonaki sun yi kore shar da alkama da tumatir da albasa da masara. Ruwa yana gudu cikin kanal sai ka ce tsakiyar Agusta.

In aka tambayi yaron da ke ban ruwa daga ina ruwan nan ya fito, zai ce daga Tiga. Ya kuwa yi gaskiya. Amma in aka ƙara tambayarsa wa ya ba Tiga, kuma in ruwan ya fita daga gonarsu ina ya ke zuwa, sai ya yi shiru. To, waɗannan tambayoyi biyu su ne darasin wannan mako, domin a kansu abincin manomin Kura da Bunkure da Garun Malam ya rataya.

Soro Da Randa

Kowa ya san yadda a kan tari ruwan sama a gida. Ruwa ya zubo a kan soro, ya bi indararo, ya faɗa randa. In kan soron da shara, to, sharar a randa za ta kwana. In rufin ya zaizaye, ƙasarsa ma randa za ta tafi. Ba a gyara ruwan randa a cikin randa, sai an hau soro.

Haka tafki ya ke. Tafkin Tiga shi ne randa, kogin Kano da ƙoramunsa su ne indararo, soron kuwa ita ce dukan ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa cikin kogin. Ta faro tun daga duwatsun da ke gindin tudun Jos, ta haɗa da duwatsun Riruwai, da dajin Falgore, da gonakin Doguwa da Tudun Wada. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, watau ya ninka na tafkin kansa fiye da sau talatin. Can kudu damina ta fi ta birnin Kano nauyi da tsawo. Saboda haka ruwan da manomin Bunkure ke sha wa alkamarsa a watan Janairu, ruwan saman da ya sauka ne a gonar wani mutum a Doguwa tun cikin Agusta, mutumin da bai taɓa gani ba.

Kafin A Yi Dam

A dā kogin Kano na damina ne kawai. Yawancin ruwansa cikin Agusta da Satumba ya kan wuce. Ya kan cika ya batse, ya malala cikin fadamu, ya bar musu sabuwar laka. Da kaka ta yi sai ya janye, kafin bazara ya zama yashi, mata na tonon ruwa a tsakiyarsa. Noman rani a zamanin nan na jigo ne, ɗan lambu a bakin kogi ko bakin rijiya, abin da ƙarfin mutum ɗaya zai iya shayarwa.

Ruwan da ya wuce kuwa ba asara ya tafi ba. Kogin Kano ya kan haɗu da na Calawa kafin Wudil, su zama kogin Haɗeja. Daga nan ya bi ta Ringim ya isa Haɗeja, inda ƙasa ta ke shimfiɗe kamar faifai, sai ya rarrabu ya bazu cikin fadamu har Nguru. A can ya gamu da ruwan kogin Jama'are, su zama kogin Yobe, wanda ke bi ta Gashuwa da Gaidam ya faɗa Tafkin Cadi. A shekarun da damina ta yi kyau, wajen 1950 zuwa 1960, ambaliyar nan ta kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Mutanen wurin su shuka shinkafa a gaban ruwa, su yi su in ya cika, su bi bayansa da wake da alkama in ya janye, sa'an nan Fulani su shigo da shanu su ci ciyawa. Ƙasa guda, amfani huɗu a shekara.

Ginin Dam

Bayan da aka yi Jihar Kano cikin 1967, Gwamna Audu Baƙo ya ɗauki maganar ruwa da ƙarfi. Aka fara da ƙaramin dam na Bagauda, aka gwada noman rani da ruwansa a Kadawa, shi ya sa har yau mutane ke kiran aikin duka da sunan Kadawa. Cikin 1971 aka fara ginin Tiga, aka gama cikin 1974, daidai lokacin da fari mai tsanani ya kashe dabbobi da amfanin gona a ƙasashen Arewa da Nijar. Bangon dam ɗin na ƙasa ne, tsayinsa ya haura ƙafa 150, tsawonsa ya kusa mil huɗu. An shirya shi ya riƙe ruwa kusan mita mai cibi miliyan 2,000, fuskar tafkin kuma in ya cika ta kai murabba'in kilomita 178, watau wajen eka 44,000. Mutane fiye da dubu goma aka tasa daga gidajensu da gonakinsu domin ruwan nan. Ya kamata mai cin amfaninsa ya riƙa tunawa da su.

Daga Tiga aka ja babban kanal, ya bi ta Ruwan Kanya kusa da Rano, sa'an nan ya rabu reshen gabas da na yamma. Ruwan da kansa ya ke gangarowa, ba inji, ba mai. An yi niyyar shayar da hekta 22,000 a kashi na farko, amma abin da aka gama bai wuce kashi biyu cikin uku na wannan ba. Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Alherin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. Samarin da ke tafiya cin rani suka zauna gida. Kura ta zama garin shinkafa, ko'ina injin casa da masu turara. Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir wadda motoci ke ɗauka har Ikko. Birnin Kano ma yana sha daga ruwan da a ke sakowa cikin kogi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Cikin shekarun da suka biyo baya illoli uku suka bayyana, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa.

Illa Ta Farko: Laka Daga Sama

An keɓe dajin Kogin Kano tun zamanin En'e, daga baya aka mai da shi gandun namun daji, shi ne Falgore. Ba domin namun kaɗai ya ke da amfani ba. Itace da ciyawa su ke tare ƙarfin ruwan sama, su sa shi ya nutse a hankali, ya fito ƙorama garau. Amma jama'a ta ƙaru, gonaki suka matsa har gaɓar rafi, masu itace da gawayi suka shiga daji, wutar bazara kuma ta kan bar ƙasa tsirara daidai lokacin da ruwan farko zai sauka da ƙarfinsa.

Ruwan da ya sauka a kan tsirarar ƙasa ba ya nutsewa, gudu ya ke yi, yana ɗauke da ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka. Mai gona ya yi asara sau ɗaya, mai tafki ya yi sau biyu. Domin da ruwan nan ja ya shiga tafki ya tsaya, sai lakar ta kwanta a gindi. Kowane kwando na laka da ya kwanta ya kori kwandon ruwa, kuma ba mai iya kwashe ta daga tafki mai girman Tiga. Abin da ke sa mutane ba su damu ba shi ne, ba a ganinta. Randa ta kan yi kamar ta cika, alhali gindinta taɓo ne.

Har wa yau, randar ta ƙara ƙanƙancewa ta wata hanya. Cikin Agusta 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle bayan ruwa mai yawa, ya yi ɓarna. Domin tsoron irin wannan, cikin 1992 aka rage tsayin mafitar ambaliya ta Tiga, abin da tafkin ke iya riƙewa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Rana da iska kuma suna shan nasu rabo, kamar zurfin ƙafa shida ko fiye a kowace shekara. Wanda ke tsammani ruwan Tiga ba ya ƙarewa, sai ya sake lissafi.

Illa Ta Biyu: Ruwa Ya Yi Wa Gona Yawa

Mutumin da ya girma yana jan jigo ya san darajar kowane guga. Wanda ya sami ruwa yana kwarara a bakin gonarsa kuwa, sai ya buɗe ya tafi kasuwa. Masu gona a kan layi suka riƙa sha har su yi amai, na ƙarshen layi suna kwana bakin kanal suna jira. Waɗansu suka fasa bango, waɗansu suka karya ƙofa.

Kowane fili a aikin nan an yi masa hanya biyu, ta shigar ruwa da ta fitarsa. Ta shiga kowa na kula da ita, domin in ta toshe yau, gobe shuka ta yi yaushi. Ta fita kuwa, watau magudana, aka bar ta ta cike, har waɗansu suka nome ta. Ruwan da ya rasa mafita sai ya taru a ƙarƙashin ƙasa yana hauhawa. Noman shinkafa damina da rani a wuri guda ya ƙara masa. Saiwar alkama da ta tumatir numfashi su ke yi kamar mutum, in ruwa ya rufe su sai ganye ya yi rawaya, manomi ya ɗauka yunwar taki ce, ya ƙara zuba kuɗinsa a banza.

Bayan wannan sai gishiri. Rana ta kan tsotso ruwan ƙasa ta shanye shi, ta bar kanwar da ke cikinsa a sama. Duk inda aka ga farin ɓawo a kan kunya da rani, ko wani ɓangaren gona ya yi sanƙo, shuka ta ƙi tashi, to, wannan ce alamar.

Ruwan da ke kwance kuma gida ne na kacala, ciyawar nan mai tsawo wadda ke wuce kan mutum. Ta kan toshe kanal, ta tare laka, jan-baki su yi sheƙa cikinta su faɗa wa shinkafa da alkama. Sauro ya sami wurin haihuwa har da rani. Ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsargiya su yawaita, yaran da ke wanka a kanal su riƙa fitsarin jini.

Illa Ta Uku: Mutanen Ƙasa

Abin da dam ya tare a Tiga, daga bakin wani aka cire shi. Da aka haɗa da farin 1983 da 1984, ambaliyar Haɗeja da Nguru ta koma ƙasa da rabin yadda ta ke a dā, a waɗansu shekaru ma ɗan kaɗan ƙwarai. Cikin 1992 kuma aka gama dam ɗin Calawa a ƙasar Ƙaraye, ya riƙe ɗaya kogin.

Abin mamaki, ba ƙarancin ruwa kaɗai ya cuce su ba, har da zuwansa ba a kan kari ba. A dā babbar ambaliya ta kan share cikin kogi, rani kuma ya busar da shi, kacala ta rasa wurin zama. Bayan dam sai ruwa ya riƙa sulalowa kaɗan-kaɗan shekara duka. Laka ta kwanta, kacala ta kafu a kanta. Tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana suka toshe, yawancin ruwa ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Sai ga wani gari ruwa ya cinye gonakinsa, maƙwabcinsa kuwa ya rasa na shuka. Masanan da suka yi lissafi cikin shekarun 1990 sun tarar cewa in aka haɗa shinkafa da kifi da itace, abin da ma'aunin ruwa guda ke samarwa a fadamun nan ya fi abin da ya ke samarwa a filayen Kadawa nesa ba kusa ba. Magana ce mai ɗaci ga manomin Kura, amma gara ya ji ta, domin ya san tsadar abin da ke zurarewa daga gonarsa.

Gyaran Da Aka Yi

Cikin 1987 aka kafa aikin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru. Cikin 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma a jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye. Cikin 2006 aka yi taro a Damaturu, jihohi shida masu rabo a kogin nan, watau Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Barno da Filato, suka amince da shiri guda da asusu guda na kula da shi. Mutanen ƙauyuka kuma suka riƙa fita gayya da lauje da kwalekwale suna buɗe hanyoyin da kacala ta rufe.

Cikin 2014 Bankin Duniya ya yarda da rancen kusan dala miliyan 500 domin gyaran manyan ayyukan noman rani na Arewa. Da shi aka gyara wajen hekta 14,000 a aikin kogin Kano. Aka yashe kanal, aka liƙe siminti, aka sake ƙofofi, aka tone magudanai, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su karɓi kuɗin ruwa su riƙa kula da layukansu. Cikin 2021 bankin ya sake yarda da dala miliyan 700 domin farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja.

Wannan duka abin godiya ne. Amma rance biyansa a ke yi, kuma kanal ɗin da aka yashe bana, in an koma halin jiya, shekara biyar ta ishe shi ya sake cikewa. Inji ya kan zo sau ɗaya cikin shekara ashirin. Fartanya ce ke nan kullum.

Akwai abin koyi a ƙasar Maraɗi. Bayan farin 1984 manoman can suka daina tumɓuke kututture in suna sassabe. Sai su zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse saura. Suna kiransa sassaben zamani. Ba dashe, ba ban ruwa, ba kuɗi, amma cikin shekara ashirin itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada a Maraɗi da Damagaram. In an yi haka inda damina ba ta kai ta Kano ba, ina ga Tudun Wada da Doguwa?

Abin Da Ya Rage Ga Manomi

Ga mai gona a sama da tafki:

1. A yi kunya a gicciyen gangare, kada a bi da ita yadda ruwa ke gudu.
2. A bar kamar taki goma a bakin rafi ba a noma ba. A dasa jema ko gamba a wurin, saiwarsu ta riƙe gaɓa, ciyawarsu kuma ta yi zana da jinka.
3. Kwazazzabo tun yana ƙarami a ke tare shi da jeren duwatsu ko turaku da ƙirare. In ya fi ƙarfin mutum ya fi ƙarfin gari.
4. A bar tsiron ɗorawa da kaɗanya da marke da gawo a gona, kamar yadda mutanen dā ke yi a kewayen birnin Kano.
5. Kada a sa wa daji wuta da bazara.

Ga mai gona a bakin kanal:

1. Kafin a buɗe ruwa a tona ƙasa zurfin tafin hannu a dunƙula. In ta dunƙulu ba ta warwatse ba, gona ba ta jin ƙishi, a bar wa na gaba.
2. A daidaita fangali ya kwanta sosai. Fangalin da ya karkace, gefe guda ya nutse, gefe guda ya ƙone.
3. A tsaya a kan ruwa har a rufe shi. Ba a barinsa ya kwana yana zuba.
4. A yashe magudana sau biyu a shekara, kafin damina da kafin shukar rani. Kada kowa ya noma cikinta.
5. A haƙa rami mai zurfin kamu biyu a gefen gona cikin rani. In ruwa ya tsattsafo cikinsa, a gaya wa malamin gona da shugabannin ƙungiya, a kuma hutar da wurin daga shinkafar rani, a sa alkama ko wake.
6. Kacala a ƙarƙashin ruwa a ke yanke ta, tun ba ta fid da kai ba, sau biyu ko uku a jere. In ruwa ya rufe kututturen sai ta shaƙe ta mutu. In an yanke ta a sama ko an ƙone ta, aski aka yi mata.
7. Kada a wanke tankin feshi a kanal, kada a yi bawali ko bayan gida cikinsa. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, tsargiya tana da magani.
8. A biya kuɗin ruwa, a je taron ƙungiya, a kuma nemi a karanta lissafi a gaban kowa.

Ɗan kasuwa ma da nasa. Mai sayen gawayi buhu ɗari a bakin Falgore da mai sayen kwandon tumatir a Kwanar Gafan, sau da yawa mutum ɗaya ne, bai kuwa sani ba cinikinsa na farko yana cin na biyu. Akawun da ke riƙe da littafin ƙungiya kuma, in ya rubuta gaskiya, kuɗin yashe kanal zai samu. In ya yi wasa da alƙalami, manoma za su ƙi biya, layin ya mutu.

Mutumin Doguwa, da na Kura, da na Nguru, ba su san juna ba, amma ƙwarya guda su ke sha, ɗaya yana miƙa wa ɗaya. Na tsakiya shi ya fi kowa samun rabo, shi kuwa ya fi kowa abin asara in randa ta cike ko gona ta yi kanwa. Shukar alkama tana farawa daga tsakiyar Nuwamba. Kafin ranar nan, ya kamata kowane layi ya fita gayya, a fara da magudana.